Karan da Aka Auna Bashe da Shi

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda babu abin da ke motsi sai da izininSa.

Ƙanena manomi ne kamar kowa a garinmu, wani ƙauye da ke kan hanyar rairayi tsakanin Tasawa da Kanambakashe. Da rani yana liƙin bokiti da buta da dalma. Amma abin da ya ci zuciyarsa tun muna yara, har furfura ta fito masa a gemu bai sake shi ba, shi ne ƙera ƙananan motoci. Ba irin motar karan da yara ke ja da zare su fasa kafin la'asar nake nufi ba. Tasa mota ce sosai, ƙanƙancewa kawai ta yi. Ƙofa tana buɗewa, in ka murɗa bolan, wato sitiyari, da yatsa ƙafafun gaba su karkata. Jikin daga gwangwanin madara yake yankowa, tayoyi daga tsohon takalmin roba, gilashi daga gorar ruwa. Mota ɗaya takan cinye masa rani guda.

Ranar Sallah yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ya jera su, mutane su yi ta zuwa kallo har daga ƙauyukan kusa. Ba ya sayarwa, ba ya barin a taɓa. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya taɓa ɗaukarsa zuwa Tasawa, aka nuna motocin a wurin baje kolin masu sana'ar hannu, ya dawo da ciwon kai don yawan hana mutane miƙa hannu.

Rabona a cikin aikin kaɗan ne. Ni ne mai alƙalami a gidan, don haka in ya gama mota sai ya kawo mini in rubuta mata addu'a da ajami a bayanta, kamar yadda ake yi wa manya. Ni ne kuma na ce masa tun farko mota ba ta da rai, babu laifi a ƙera kamarta, amma kada ya sa mata surar mutum. Ya ji maganata. Duk motocin da ke ɗakinsa kujerunsu babu kowa.

Bai yi boko ba, bai san metir ba, yana da nasa awon. In zai fara sabuwar mota sai ya zaɓi karan gero miƙaƙƙe, ya karye shi daidai tsayinsa, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Da shi yake auna babbar motar: kara ɗaya a jikinta, taƙi ɗaya a jikin ƙaramar. Ƙananan wurare kamar taga da fitila, sai ya tsaga alama a jikin karan da wuƙa. In ya gama kwashe awon, sai ya faskare karan nan ya yi ƙashin ƙaramar motar da shi, a ƙarƙashin gwangwani inda ba a gani. Yakan ce awon ya fi zama lafiya a cikin abin da aka auna dominsa.

Motocin da yake aunawa kuwa, matattu ne. Akwai wani fili bayan garejin makanikai a Tasawa inda ake yar da waɗanda suka gama aiki, wasu tsufa ya ci su, wasu hatsari. Can yake zuwa, domin babu mai korarsa, babu mai tashi da mota yana cikin awo. Har shekarar da zan ba da labarinta, bai taɓa auna mota mai tafiya ba.

Mota ɗaya ce tak a garinmu, wata tsohuwar bashe fara mai rumfar tamfol, ta taubashinmu, ɗan gwaggonmu ƙanwar mahaifinmu. Shi ke kai mutane da buhuna kasuwannin mako. Mutum ne mai ƙiba da surutu, ba ya wuce ƙofar gidanmu bai tsokani ƙanena ba. Wata safiya da kaka, an gama yankan gero ana roron wake, ya tsaya da basharsa ya leƙo ta taga.

"Kai bawana, har yanzu gawa kake wa kwalliya? Ga amarya da ranta tana wuce ka kullum, ba ka taɓa cewa a yi hotonta ba."

Ƙanena ya ce, "Wannan amaryar da sai an tura ta take tashi? Ai ta fi kusa da filin Tasawa da ƙofar gidanka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ka yi mini ita, in kai ɗan halak ne. Har lanƙwasar da rago ya yi mata a ƙofa nake so in gani."

"Sai ka tsaya wuri ɗaya in auna."

"Ka zo in na dawo. Ka zo da ladabi, ka cire takalmi."

Muka yi dariya, ya ba ta wuta ya wuce.

Ranar ba ni wurin, amma na ji daga bakuna da yawa har na san yadda aka yi. Bayan azahar taubashin ya dawo, ya ajiye bashe a inuwar gawon da ke hanyar rijiya. Gajiya ta kama shi, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, a gefen motar, ya miƙe sambal, ya ja farin rawaninsa ya rufe fuska har ƙirji saboda ƙuda. Ƙanena ya zo da sabon kara. Ya ga mai mota na barci, bai so ya tashe shi ba. Ya durƙusa ya kwantar da karan a ƙasa, a tsawon motar, daga tayar gaba. Tsakanin karan da mai barcin bai wuce kamu ɗaya ba. Kan karan yana daidai kansa, gindin karan yana daidai dugadugansa. Ƙanena ya fitar da wuƙa ya tsaga alama.

Mata ne ke dawowa daga rijiya. A gabansu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu da damina. Ta sauke tulunta a hankali, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A garinmu in mutum ya cika, abu na farko da ke fita daga gidan shi ne kara. A kwantar da shi gefen mamaci, a karye daidai tsayinsa, a ba wani ya kai wa masu haƙa. In an gama binnewa a ɗora karan nan a kan kabarin, can yake zama har ya ruɓe. Duk wanda ya ga mutum tafe da kara guda, yana sauri ba ya gaisuwa, ya san abin da ya faru. Ƙanena ya san wannan, shi da kansa ya sha kai kara makwanta. Amma idonsa na kan mota. Ya ce mini daga baya, wallahi bai ga mutum a wurin ba, taya ya gani da ƙofa.

Salatin tsohuwa ya tashe taubashi. Ya yaye rawani, ya ga kara a gefensa, ya ga mata sun yi cirko-cirko. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Bawana, gado kake sauri ka ci? Ai ko na mutu ba kai za a ba motar ba."

Babu macen da ta yi dariya. Suka ɗauki tulunansu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kauce wa inuwar gawon.

Maganar ba ta tashi da ƙarfi ba, shi ya sa ban san ranar da ta cika garin ba. Kasuwar da ta biyo baya, masu buhunan wake da suka saba kai kayansu gindin gawo tun asuba, wasu suka ce sun riga sun yi magana da mai amalanke. Wadda ta biyo bayanta, mata suka ce sun fi son tafiya a ƙasa, ƙafa na bukatar motsi. Babu wanda ya ce wa taubashi komai. Gaishe shi suke yi fiye da da, a tsaya a tambayi lafiyarsa, a sake tambaya, a duba fuskarsa. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya nemi ya yafe masa wata tsohuwar rigima ta kan iyakar gona, wadda shi taubashin ma ya manta da ita.

Sai kuma wani ya tuna, ban san ko wane ne ba, cewa duk motar da ke ɗakin ƙanena matacciya ce. Gaskiya ne. Amma da maganar ta zagaya gari sai ta juya kai: aka ce duk motar da ya auna ta mutu. Aka ce a duba kujerunsu, babu mai zama.

Na yi magana bayan sallar la'asar, a gaban jama'a. Na ce ajali a hannun Allah yake, kara ba ya kawo shi, ba ya ɗage shi, kuma camfi ba ya cikin addini. Kowa ya gyaɗa kai. Liman ya ƙara nasa a kan nawa, ya fi ni iya faɗa. Aka shafa fatiha. Da kasuwa ta zagayo, bashe ta tsaya a gindin gawo har hantsi ya dubi ludayi, babu buhu ɗaya a bayanta. Wata motar Mayahi ce ta ratso ta kwashe waken garinmu a gaban idon taubashi.

Kakar wake ita ce shekarar mai mota. Da ita yake sayen taya da gyaran inji, da ita bashe ke kai wa wata kakar. In ta wuce shi a tsaye, sai sayarwa. Kowa ya san haka, shi ma ya sani. Ya daina leƙowa ta taga. Ya rame a wuya.

Gwaggo ce ta zo gidanmu da kanta, da sandarta, ba ta aiko ba. Ta ƙi tabarma, ta tsaya a bakin ɗakin ƙanena. Ƙaramar bashen tana kan turmi a kife, an gama jikinta, saura fenti, domin wannan karon dare da rana ya yi a kanta.

"Ɗan nan, ba ni karan."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, na yi aiki da shi."

"Wane aiki?"

Ya ɗago motar ya nuna mata cikinta, inda faskararren karan yake a jere, an ɗaure da waya.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Karan awo ba ya kwana a gida. Kai ka san haka, ubanka ya san haka. Ka sa tsayin ɗana a cikin gwangwani ka ajiye a kan turmi."

"Tsayina ne, Gwaggo. Da jikina na karye shi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya faɗa bai sanyaya mata rai ba, ni ma haka. Ta ce a kira mata ɗanta, a ƙone abin nan yau a gabanta.

Taubashi ya zo. Na hura wuta a murhun dalma da hannuna, don na ga in ƙona aikin ƙanena zai mayar da mutane cikin mota, araha ce. Ƙanena bai yi gardama ba. Ya miƙa masa ƙaramar bashen. Taubashi ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ga lanƙwasar ragon a ƙofa, ya ga tsagewar gilashin gaba daidai inda take a tasa, ya ga igiyar da yake ɗaure murfin inji da ita, an yi ta da zare. Ya matsa kusa da wutar ya tsaya.

"Malam," ya ce mini, bai taɓa kirana Malam ba sai ranar, "in na jefa ta, me na ƙone?"

Na ce, "Gwangwani da kara."

"Gobe in aka ce an ƙone motata a gidan nan, wa zai hau ta waje?"

Gwaggo ta ce to a binne. Ta faɗa, ta ji abin da ta faɗa, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Aka ce a warware ta a fitar da karan. Ƙanena ya ce in an fitar da shi sai a kai shi ina, tunda wuri ɗaya aka san ana kai shi. Muka tsaya mu huɗu, wuta na ci, babu mai kallon wani. Taubashi ya mayar da motar kan turmi a hankali, ya daidaita ta a kan ƙafafunta don kada ta zauna a kife, ya fita.

Ƙanena ne ya kawo shawarar. Ya ce tunda tsayinsa ne a ciki, shi zai hau. Zai gama fentin, ya ɗauke ta a cinya, ya zauna gidan gaba a kai shi Kanambakashe ranar kasuwa, gari ya gani. Na ce ni ma zan je. Ya kawo mini ita in yi rubutu, na rubuta neman tsari daga Allah a bayanta.

Da safe muka tura bashe ta tashi. Mutane sun fito, amma a jikin katanga suka tsaya. Wata mata ta janye jikarta daga bakin hanya. Hanyar fita gari ta gefen makwanta take bi, inda kararen ke kwance kan tudun ƙasa, wasu sun yi baƙi, wasu da sauran haskensu. Taubashi ya kafe ido a gaba. Bayan motar babu nauyi, sai tsalle take tana ƙara kamar an buga garwa, tamfol na kaɗawa. Na ja carbi. Ƙanena ya rungume ƙaramar da hannu biyu, kowane rami ya ɗaga ta sama don kada ta bugu.

A wani kwari rairayi ya riƙe mu. Abin da ke faruwa kowane mako ne, amma da akwai mutane a baya da ke sauka su tura. Muka sauka mu uku, muka tone da hannu, muka karyo geza muka shimfiɗa. Taubashi ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar don ya yashe rairayin da ya taɓa cikinta, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na ga ƙanena ya kau da kai. Motar ta ɗan nutsa gefe guda, ƙarfe ya yi ƙara. Na kama ƙafar taubashi na jawo shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ya fito da rairayi a gemu yana haki.

"Kai ma, Malam?"

Muka tura, ta fita.

A Kanambakashe ƙanena ya ɗora ƙaramar a kan murfin injin babbar. Kafin mu sha ruwa an kewaye mu. Masu awo suka bar mudu, wani Buzu mai sayar da takalma ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya leƙa ƙarƙashin babbar, ya riƙe baki. Wani ɗan kasuwa na Atantane ya ce mutumin da ya sa aka yi wa motarsa 'ya irin wannan ba zai yi wasa da kayan mutane ba, ya tambaya ko akwai wuri. Taubashi ya ce akwai. Aka fara loda buhuna. Na ji muryarsa ta dawo, yana zagin masu dako, yana cewa ƙanena bawansa ne, shi ya koya masa.

Amma mutanen garinmu ma suna cikin kasuwar, waɗanda suka zo a ƙasa da amalanke. Na gan su daga nesa a rumfar masu gishiri. Sun ga mun iso da rai, sun ga ana lodi. Da yamma taubashi ya je da kansa ya ce duk mai komawa gida ya zo ya hau, ba ya son ko sisi. Suka yi godiya, suka sa masa albarka mai tsawo. Wani ya ce yau dai Allah ya kiyaye. Kalmar yau ɗin nan ce ta tsaya masa. Muka kai buhunan Atantane, muka dawo gida mu uku kamar yadda muka fita.

Ya ƙara gwadawa kasuwa biyu ko uku. A waje ana ba shi kaya, a gida ana ba shi addu'a. Kuɗin esansi, wato man mota, na zuwa da dawowa babu kowa a baya ya fi ƙarfinsa. Kafin wake ya ƙare ya samu ɗaki a Atantane, ya ce zai koma can da iyalinsa, inda motarsa mota ce kawai. Ƙaramar bashen ya ce a ba shi. Ba don yana sonta ba, ya ce, don dai ba zai iya barci ba in tana hannun wani. Ƙanena ya naɗe ta da tsumma ya miƙa masa.

Ranar tashi aka loda gado da tukwane da akurkin kaji. Matarsa ta hau baya da 'ya'yanta, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya share kujerar gaba da hularsa, ya buɗe wa gwaggo ƙofa, domin ita ma tare za su tafi, ba ta da wani ɗa sai shi.

"Inna, bismillah."

Gwaggo ta zo har bakin ƙofar. Ta dafa ƙarfen, ta dubi kujerar, ta dubi ƙunshin tsumman da ke ɗaure a gaban gilashi. Ta cire hannunta.

"Ku yi gaba. Ƙugu na ciwo, ba na son girgiza."

"Inna, amalanke ya fi girgiza."

"Ku yi gaba, na ce."

Ya tsaya da ƙofar a hannu. Can ya rufe ta, ya zagaya ya shiga, muka tura masa ni da ƙanena. Gwaggo ta hau amalanken maƙwabcinmu, ta juya baya ga hanya, fuskarta na kallon gari. Bashe ta yi gaba kaɗan ta rage gudu, ba ta yarda ta yi nisa ba. Haka suka haura tudu, motar tana tafiyar jaki, jakin yana biye da tazara, har geza ta rufe su.